Tankar Adda

Ni ɗan fari ne. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce, to sai me? A gidanmu, mu da muke da jinin Fulani ko da yaren ya gudu ya bar mu, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa in akwai wani a wurin. Kunya ce, kuma da ita ake auna mutuncin mace. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta zo Kalgo ta goya ni, ta tafi da ni Gwandu, can bayan gari ta hanyar Dodoru, inda take zaune da 'yan shanunta. Ita na buɗe baki na kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannen babana suna faɗi. Ita ba ta ce mini komai. In ta kama dole sai ta ce "ɗan Gwandu", kuma ba ni take gaya wa ba, wani take gaya wa ya gaya mini.

Ina ƙarami abin bai dame ni ba. Haka na ga ana yi. Inna ba ta rage ni da komai ba, nono ne, fura ce, zagi ne, duk ina samu a kan kari. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Kowace damina in an ba da dogon hutu sai ta sa ni a a-kori-kura da ƙullin kuka da kwalbar man shanu, in sauka Birnin Kebbi, in sake mota zuwa Kalgo, in yi hutuna a gidan ubana kamar baƙo, in dawo.

Hutun da nake son ba da labari shi ne na shekarar da na gama firamare, ba a daɗe da raba mu da Sakkwato ba. Kafin in tafi, Baffa, ƙanen babana, malamin makaranta ne a Kalgo, ya zo Gwandu ya sami Inna tana burka nono. Ya ce yaron nan kansa yana ja, a bar shi ya zauna Kalgo ya shiga sakandare, in ya tsaya nan sanda da fartanya ne kawai. Ina jingine da rumbu ina ji.

Inna ta ce, "Kai dai malam ka cika zance. Ni ba ni riƙe ɗan mutane da ƙarhi. In uwatai ta buɗe baki ta ce tana son abinta, shi zamna can. Amma ba ni korar maigidana da bakina, a ce tsohuwa ta gaji da riƙo."

Baffa ya ce, "To Inna, an gama. Wace uwa ta ba ta son ɗanta?"

Inna ta dube shi, ta ci gaba da burkinta.

Da wannan na shiga mota. Kalma guda nake nema daga bakin matar da ba ta taɓa ce mini ko sannu ba. In ta faɗa, na zama ɗan gida, in yi boko. In ba ta faɗa ba, in koma bayan shanu.

Na tarar gidan ya canza. Babana direban babbar mota ne, yana kai albasa da shinkafa Ikko, ba ya zama, kuma shi ma in yana nan ba ya wuce "an zo lafiya" da ni. A wannan shekarar ya dawo da talabijin mai kala, da bidiyo, da wani ɗan akwati na roba da yara ke kira gem. Gem ɗin yana da hannu biyu masu igiya, kowane da maɓallai, sai kaset ɗan ƙarami da ake cusa masa a ka. In ya ƙi kamawa a zare a hura masa iska da baki a mayar. In adafta ta yi zafi a cire ta a jingina ta da randa ta sha sanyi. Duk ƙanena mai bi mini ya koya mini wannan, yana yi yana hura hanci, shi mai gari.

Ranar farko da ya miƙo mini hannu ɗaya ya tsaya yana kallona.

"Kai ɗan tsohuwa, ba nonon saniya na ba! Mi kaka matsa shi haka? Fasa muna shi za ka yi."

Na ce, "In na fashe shi na fashe na ubana."

"Ubanka? Ubanka na Gwandu, bijimin Inna."

Na kai masa duka, ya kauce, ƙanwarmu tana ta ƙyalƙyata dariya har da buga ƙafa. Daga tsakar gida muka ji Adda ta ce, "Ke, gaya ma yayanki shi bar tsokanar baƙo." Baƙon ni ne.

Wasanni da yawa ne a cikin kaset ɗin, amma wanda ya kama ni na tankokin yaƙi ne. Mutum biyu ke yi, kowa da tankarsa, ɗaya rawaya ɗaya koriya. A ƙasa akwai wani tsuntsu cikin ɗakin bulo, shi kuke tsaro. Tankokin abokan gaba suna ta ɓullowa daga sama suna harbi. In an harbe ka, ka sake fitowa, har rayukanka su ƙare. In an harbi tsuntsun, ku duka kun faɗi. Ba a gaba da juna a cikinsa, shi ya sa nake sonsa, don a sauran wasannin kullum ƙanena ke cinye ni.

Wuta ba ta da lokaci. Duk sa'ar da aka kawo ta, unguwa ta ɗauki ihu, kowa ya yar da abin da yake yi. In da rana ce kuma maza sun tafi fadama, matan maƙwabta su cika ɗakin da goyo da ƙwaryar gyaɗa, a ce a kashe wasan yara a sa Indiya. Ba mai jin yaren. Ƙanena shi ke fassara, ƙarya tsagwaronta, yau ya ce mutumin cewa ya yi a ba shi tuwo, gobe a wuri guda ya ce cewa ya yi zai kashe surukinsa. Matan su ce, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah," amma ba su yarda a fara in ba ya nan.

Akwai kaset guda da suka fi so, an kalle shi har hoton ya fara rawa. Wata mata ce ɗanta ya ɓace mata yana ƙarami, ta tsufa tana nemansa, a ƙarshe suka haɗu, ya faɗi a ƙafafunta, ta rungume kansa tana kiran sunansa tana sakewa. Duk sa'ar da aka zo wurin nan ɗakin ya yi tsit sai jan majina. Adda a bakin ƙofa take zama, a bayana. Ban taɓa juyawa ba, amma ina jin numfashinta, na san tana kuka.

Wata rana wata tsohuwar maƙwabciya, mai sayar da ƙuli, mace mai baki, ta juya ta ce wa Adda, "Ke kam da ban dariya kike. Naki na zamne gabanki da ƙeya kamar ta ubanai, kina kukan na Indiya."

Aka fashe da dariya. Adda ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Hayaƙi na, na bar itace a wuta." Ta tashi ta fita. Babu wata wuta a murhu a lokacin, na duba daga baya. Tun ranar ba ta ƙara shiga kallon wannan kaset ba.

Hutu yana ta tafiya. Gero ya yi kai. Ni kuma ina ta neman hanyar da zan sa ta ga amfanina. Na cika randuna tun ba a ce ba. Na faskara itace. Na gyara dangar da akuya ke ɓullowa. Duk abin da na yi, sai dai in ji ta ce wa ƙanwata, "Ɗauki hurar nan ki kai ma wancan." Furar dai ta fi ta kowa nono, wannan na lura. Amma fura ba magana ba ce, kuma Inna magana ta ce.

Ina da wani ciwo a lokacin. Tun a Gwandu kututturen kara ya soke ni a tafin ƙafar hagu, wurin ya rufe ta sama yana ci ta ciki. Ban gaya wa kowa ba. Ina taka gefen ƙafar, in na ga mutane in miƙe.

Ranar da abin ya faru, suna ake yi a ƙarshen layi. Mata da yara duk sun tafi, ƙanena ya bi abokansa wajen makaɗa. An yi ruwa da safe, gari ya yi lumshi. Ni na ƙi zuwa saboda ƙafar. Adda ma ba ta je ba, ta ce kanta na ciwo. Wajen azahar sai aka kawo wuta. Na shiga ɗaki na haɗa gem, na sa na tankoki. Garin sauri na danna na mutum biyu. Tankata rawaya tana yawo, koriyar tana tsaye a wurinta ba mai ita, ana ta harbinta.

Na ji an ɗaga labule. Adda ta shigo ta ɗauki faifai a kan kwanuka. Ba ta fita ba. Na ji tsayuwarta a bayana, na ƙi motsi, har aka harbe ni saboda hannuna ya daina aiki. Can sai na ji tabarma ta motsa. Ta zauna, ba kusa ba, ba kuma nesa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki hannu na biyu da 'yan yatsu, kamar mai ɗaukar ɗan tsako.

Ta ce, tana kallon talabijin, "Wanga abu, ina aka dannawa?"

Ni ma talabijin na kalla. Na ce, "Na hagu shi ka tahiya. Jan nan shi ka harbi."

Ta danna. Da harbinta na farko ta rushe bangon ɗakin tsuntsunmu. Na ce, "Adda, namu na! Gidanmu kika rushewa!" Ta ce, "La ilaha!" ta saki hannun, ta sake ɗauka. Sai ta yi dariya. Na sha jin dariyarta da mata, da ƙannena, amma ban taɓa jin wadda aka yi da ni ba.

Ba ta iya ba, kuma ba ta iya ba har aka gama. In tana son tankar ta yi dama sai ta karkata jikinta duka ta yi dama. Ta shiga ruwa ta maƙale, ta shiga ciyawa ta ɓace ta ce an sace ta. Abin da ta gane guda ne: duk inda rawaya ta nufa, koriya ta bi ta. Ina hawa tana bayana, ina sauka tana bayana, har tana tare mini hanya. Sai na ji ta ce da ƙarfi, "Kai! Bayanka! Ga shi nan tahe!"

Kai. Ni ke nan. Ba wancan ba, ba ɗan Gwandu ba.

Muka ci wannan zagaye, ban san ta yaya ba. Allo ya yi baƙi yana lissafinsa. A cikin wannan shirun, idonta na kan talabijin, ta ce, "Tsohuwa na ba ka abin kari kahin ka tahi makaranta?"

Na ce, "Tana ba ni."

"Ruhin ɗakinku na zuba?"

"An gyara bara."

Aka fara sabon zagaye. Muka yi ta yi. Can ta ce, "Ƙahwar nan da kaka ɗingishi, mi ya same ta?"

Na ce kara ne. Na ce ba komai.

"Tun randa ka zo nika ganinta. Ba a barin miki shi ruhe da ƙazanta ciki. A sa ruwan zahi da gishiri, sahe da marece."

Na buɗe baki zan ce mata, Adda, Baffa zai tambaye ki wata magana. Na riga na shirya ta, tana kan harshena. Sai muka ji sallama a tsakar gida, mai ƙuli ce ta dawo ɗaukar tabarmar aro. Adda ta yar da hannun kamar ya ƙone ta. Kafin matar ta ɗaga labule tana tsaye da faifanta tana cewa, "Yaran ga sai su bar abu kunne, su cika ma mutum kunne." Ta fita. Koriyar tanka ta tsaya a tsakiyar fili har aka gama da ita.

Da la'asar ƙanwata ta kawo mini kwano da ruwan zafi da gishiri, ta dire ta ce, "An ce ka sa ƙahwarka." Haka kullum har hutu ya ƙare. Wuta ta sha zuwa bayan nan, amma gidan bai ƙara zama ba kowa ba. Ni dai raina ya kwanta. Na ce wadda ta ga ɗingishin da na ɓoye wa kowa, ba za ta bari in tafi ba. Har na fara tambayar ƙanena inda ake ɗinka kayan makaranta.

Inna da kanta ta zo ɗaukata, abin da ba ta saba ba. Ta zo da ƙwaryar nono da kaza. Maƙwabta suka shigo gaishe ta, tsakar gida ta cika, aka baza tabarmi a gindin darbejiya. Adda tana gefe tana tsintar shinkafa. Babana yana hanya. Sai ga Baffa da hularsa a karkace. Shi a tunaninsa, in aka yi maganar gaban shaidu, tsohuwa ba ta da hanyar janyewa. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Ya yi karatu har ya manta gidan da ya fito.

Ya ce, "To jama'a, ku zan shaida. Inna ta ce in uwar yaro na son shi zamna nan shi yi karatu, ta bar shi. Adda, ga ki ga Inna. Kina so?"

Na ga hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Mata sun fi goma a wurin, kowace ta zuba mata ido. Ga uwar mijinta a zaune, wadda ta yi goyo, ta yi jinyar ƙyanda, ta yi wankin kashi. A ce ta ɗaga kai a gaban wannan taro ta ce ina son ɗana na fari, a ba ni. Da an yi shekaru ana ba da labarinta a gidajen suna.

Ta ce, ba ta ɗago ba, "Ni ina da ɗa Gwandu? Ɗan Inna na."

Matan suka ce, "Allah sarki, ɗiyar mutunci." Mai ƙuli ta ce, "Haka anka san ɗiyan manya."

Inna ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Ke, dube ni. Ba wasa nika yi ba, ba kuma gwada ki nika yi ba. In kina so ki ce."

Ina tsaye a bakin ɗakin talabijin, ina jin kaza tana fisge-fisge a ɗaure. Adda ta ɗauki tsakuwa guda daga cikin shinkafar ta jefar.

Ta ce, "Ban da magana, Inna."

Baffa ya fara wani dogon bayani, Inna ta ce ya rufe mata baki. Washegari muka kama hanya. Ƙanena ya rako mu tasha yana cewa in na dawo baɗi zai nuna mini yadda ake samun ƙarin rai. Adda ba ta fito ba. Ƙanwata ta biyo mu da gudu da ƙullin gishiri.

A mota, mun wuce Birnin Kebbi, Inna ta ce, ba ni take kallo ba, "Na so ta ce, maigida. Wallahi na so ta ce. Shi kuma wancan sakarai, da ya bari mun shiga ɗaki ni da ita." Na ce to ke ki ce mana. Ta ce, "Bayan ta ce ɗana na, gaban mutane? In mayar mata da kyautarta a huska?"

Baɗi ba ta zo ba. Hutu na 'yan makaranta ne, mai kiwo ba ya da shi, damina ma ita ce lokacin da ba a ɗaga kai. Na yi kiwo, na yi noma, da Inna ta rasu shanun suka watse a rabon gado, na koma lodin albasa, yanzu ga ni nan dai. Karatun da nake rubuta wannan da shi, na firamaren nan ne. Ƙanena ya yi boko, yana aikin ofis, yana taimakona, ba ni da abin cewa a kansa. Na taɓa tambayarsa gem ɗin nan, ya ce adafta ta ƙone tun tuni, bai ma tuna wasan tankokin ba. Kalgo ina zuwa, salla ko rasuwa, in durƙusa daga bakin ƙofa in gaida Adda, ta amsa wa bango, in tashi.

Ban riƙe ta a raina ba. Na daɗe ina neman wanda zan ji haushi, ban samu ba. Kowa a tsakar gidan nan abin da aka koya masa ya yi.

Ciwon ajalinta ya same ta ina da furfura a gemu. Aka aiko, na je. Tana kwance a ɗakin nan dai, inda talabijin take a da, yanzu buhunan shinkafa ne a wurin. Ta rame har ban gane hannunta ba. Ƙanwata na zaune a gefen gadon tana mata fifita. Na zauna a ƙasa, kusa, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Na gaishe ta. Fuskarta na wajen bango. Na ɗauka ma barci take.

Sai ta ce wa ƙanwata, a hankali, "Tambayi ɗan Gwandu, ƙahwar ta warke?"

Ƙanwata ta dube ni, ba ta gane ba, ita ta manta da kwanon ruwan gishiri. Na so in amsa mata kai tsaye. Na so in ce Adda, ga ni, juyo. Bakina ya ƙi. Ashe ni ma an koya mini.

Na ce wa ƙanwata, "Gaya mata ta warke."

Ta gaya mata. Adda ta ce, "To, madalla." Ba ta kai sallar da ta biyo ba.

Ƙafar ba ta warke duka ba. Har yau in damina ta zauna, gari ya yi lumshi, tana mini tsami, sai in taka gefenta.